Tambaya da Amsa: Wai kyamarar ɗan takara za ta kama mana ɓarawo?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk maganarsu ɗaya ce, kyamara kyamara, kamar an haɗa baki. Da alama 'yan takara sun samu sabon abin faɗa a filin kamfen, da can rijiyar burtsatse ce da taki da kwalbati, yanzu kuma duk wanda aka miƙa wa lasifika sai yace zai kafa kyamarar tsaro, wato CCTV, a kasuwa da tasha da mashigar gari. Na zaɓo guda shida. Da gangan na cire sunayen 'yan takara da jam'iyyu kada gobe a ce an saye ni, na masu tambayar ma na cire don wasu garuruwan ƙanana ne, ana jin zancen za a gane mai shi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dillali ne, Alhamis ina Maigatari Juma'a ina Wudil, gida kuma wani ƙauye ne a ƙasar Gumel. Daminar da ta wuce aka kwance min bijiman huɗa guda biyu cikin dare a ƙofar gida har yau ko igiyarsu ban gani ba, bayan wata uku kuma aka ɗauke babur ɗin ƙanena a bakin masallacin Juma'a yana ciki yana sallah. Yanzu 'yan takara biyu sun zo garinmu, na farko yace in ya ci zai sa kyamara a kasuwa da tasha da duk hanyar da ta shigo gari wai ko kaza aka sata sai an ga wanda ya ɗauka, na biyun yace wannan ɓarnar kuɗi ce shi fitilun sola zai sa ya kuma yanka wa 'yan sintiri alawus duk wata. Majalisarmu ta rabu biyu har an fara gaba. Ni dai zuciyata tana wajen mai kyamara don abin da aka yi min yana ci na. Wanne ne mai gaskiya a cikinsu?
Daga wani dillalin shanu, ƙasar Gumel.

AMSA: Alhaji Allah ya mayar da mafi alheri. Rasa bijiman huɗa ana tsakiyar damina ba ƙaramin abu bane, wanda bai taɓa noma da shanu ba bazai gane ba.

Bari in baka labarin abin da na gani da idona kafin in zo kan 'yan takararku. Wani ƙanin matata yana da shagon tireda da POS a garinmu, da aka fasa shi sau ɗaya sai ya shiga birni ya sayo kyamara guda huɗu da akwatin da ke naɗar hoton da ɗan talabijin, aka zo aka liƙa, yara suka yi ta zuwa suna ɗaga mata hannu. Wata biyar shiru. Rannan da asuba ya tarar an ɓalle kwaɗo. Muka taru a shagon mu wajen goma aka kunna, ga mutum nan kuwa, ƙarfe 2 da minti 40 na dare, ya naɗe fuska da rawani, hoton baƙi da fari ne irin na dare idonsa na ƙyalli kamar na mage, har tsayawa ya yi ya ƙare wa kyamarar kallo kafin ya sa ƙarfe a kwaɗon. Mun maimaita hoton nan ya fi sau goma. Wannan yace tafiyar wane ce, wancan yace a'a kafaɗar wane ce, kafin azahar an kama sunan mutum huɗu a gari, cikinsu har da wanda a daren yana kwance a asibiti. Aka zuba a memori aka kai wa jami'an tsaro, suka kalla suka ce to ku kun gane shi? Muka ce a'a. Suka ce to mu ma haka. A nan maganar ta mutu, sai dai gabar da ta bari tsakanin gida biyu har yau ba a gama ɗinke ta ba.

Ba cewa nake kyamara bata da amfani ba fa. Turawa sun daɗe suna auna abin, a 2019 wasu masana harkar laifuka sun tattara binciken da aka yi cikin shekara 40, mafi yawa a Ingila da Amurka, suka ga a dunƙule laifi ya ragu da kusan kashi 13 cikin 100 a wuraren da aka sa ta. Inda ta fi aiki shi ne wurin ajiye motoci, nan raguwar ta kai wajen kashi 37, amma laifin duka da sara ba su ga wani sauyi na a zo a gani ba. Sun kuma lura ta fi tasiri inda akwai mutum zaune yana kallo a lokacin, da inda aka haɗa ta da wani abu kamar haske da masu gadi.

To kaga Alhaji asararku biyu ba iri ɗaya bace. Babur ɗin ƙanenka irin satar da kyamara ke iya tarewa ce, rana tsaka, wuri ɗaya, babura a jere, ɓarawon ba zai iya naɗe fuska a bakin masallaci ba tare da an kalle shi ba. Bijimanka kuwa wanda ya kwance su ba ta kwalta ya shigo ba balle kyamarar mashigar gari ta gan shi, ta burtali ya bi ya faɗa cikin gero wanda a damina ya fi mutum tsayi, kuma ƙauye ai ba gidan gwamnati bane mai ƙofa ɗaya, ta ko'ina shiga ake. Irin kyamarar da ake sayowa da araha da dare bata wuce ganin mita 20 zuwa 30, bayan nan duhu ne kawai. In akwai inda za ta taimaki masu shanu to a kara ne wajen lodi, ta ɗauki motar da lambarta da masu lodin, shi ma sai in ku dillalai kun tsaya kan cewa ba a sayen dabbar da ba a san wanda ya tsaya mata ba. Kai ka fi ni sanin cewa saniyar sata bata shiga mota sai wani a cikin kara ya kau da kai.

Sannan ga maganar da mai kyamara ba zai faɗa muku a filin kamfen ba. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na China kwangilar kusan dala miliyan 470 ta sadarwar tsaro, a ciki har da kyamara wajen 2,000 a Abuja da Legas, mafi yawan kuɗin kuma bashi ne daga bankin Exim na China. An kafa su kam, mutane sun gan su a kan tituna da fanel ɗinsu na sola. Da bam ya tashi a tashar Nyanya a Afrilun 2014 aka riƙa tambaya ina kyamarorin nan, ashe da yawa sun daɗe da mutuwa, wasu an kwance batir da fanel an tafi da su. Har 2023 ana kan maganar, sai da ƙungiyar SERAP mai bin diddigin kuɗin gwamnati ta kai ƙara, babbar kotun tarayya a Abuja kuma ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda aka kashe bashin. Wannan fa Abuja kenan, gaban idon kowa. Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

Mu nan ƙari a kan haka ga ƙurar hunturu da ke rufe gilashin kyamarar da fanel ɗin, in ba mai hawa yana gogewa sati biyu ya isa hoton ya koma kamar ana kallo ta cikin koko, ga zafin bazara da ke cinye batir, ga data da za a riƙa saye duk wata in mai layin waya ce. Kafawa rana ɗaya ce, a yanka zare a ɗau hoto, riƙewar ce aiki.

Amma kar ɗan takara na biyun, mai fitilun sola, ya ɗauka ya tsira. Ƙirga min fitilun sola nawa aka kafa a ƙauyukan da kake wucewa tsakanin Gumel da Wudil sannan ka ƙirga nawa ne ke kamawa da dare. Alawus ɗin 'yan sintiri kuma mun sha gani, wata uku ana biya na huɗu a ce ba a turo ba, wani lokacin ma a cire masu aikin na gaskiya a cusa yaran ɗan siyasa su zama 'yan bangarsa da rigar sintiri. In ka matsa min sai na zaɓa, a cikin ƙauye na fi karkata ga haske da mutane masu zagaye, a tasha da kara da bakin masallacin Juma'a kuma kyamara tana da wurinta. Ku daina gaba a majalisa a kan wannan, ran da kowannensu ya dawo ku tsayar da shi ku ce wa zai zauna yana kallo da ƙarfe biyun dare, in ya ga ɓarawo wa zai kira, wanda aka kira da me zai zo kuma wa ya zuba masa mai, in batir ya mutu baɗi daga wane aljihu za a sayi wani. Wanda ya fara kame-kame yana cewa ai duk an tsara, ka san romon baka ne.

TAMBAYA: Salam Malam. Dan Allah ina da damuwa. Ɗan takarar da maigidana yake yi wa aiki yace zai sa kyamara a falwayar da ke mararrabar unguwarmu, to falwayar nan jikin katangarmu take kuma katangar gajera ce rabi ma zana ce, duk wanda ya hau sama yana ganin tsakar gidanmu har bakin banɗaki. Mu mata huɗu ne a gidan da 'yan mata, nan muke daka nan muke kitso wani lokacin ɗaurin ƙirji ne kawai a jikinmu saboda zafi. Na yi wa maigidan magana yace in bana sata me zai dame ni. Ni kuma abin ya tsaya min a rai.
Daga wata uwargida, ƙasar Ringim.

AMSA: Hajiya damuwarki tana kan hanya, kuma da girmamawa ga maigida wannan amsar tasa bata ɗauku ba. Ai ba don muna sata muke gina katanga ba, ba don muna sata ake sallama sau uku a zaure ba. Shi kansa in ya ga ƙato ya hau falwayar nan da rana tsaka yana gyaran waya ai aikowa yake a ce mata su shiga ɗaki, mai hawa rimi ko giginya ma a al'adarmu sai ya yi gyaran murya ya sanar kafin ya hau. To wannan mai hawa ce da bata saukowa, dare da rana, kuma tana ajiye abin da ta gani.

A addini Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin sirrin mutane, Suratun Nur aya ta 27 ta hana shiga gidan da ba naka ba sai da izini, malamai kuma sun yi bayani cewa saboda ido aka shar'anta neman izinin. A doka ma kina da madogara, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane da shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC mai kula da kare bayanan, a ƙarƙashinta hoton da za a gane mutum da shi bayaninsa ne, wanda ya tara shi dole ya kasance da dalilin da doka ta yarda da shi, kada ya ɗauki fiye da buƙata, kada kuma ya yi wani abu daban da shi. Tsaron mararraba dalili ne, tsakar gidanki kuwa babu ruwanta da mararraba. Na san daga Ringim zuwa ofishin hukuma a Abuja tafiya ce, ba cewa nake ki tafi can ba, amma yana da kyau mai kafawar ya san akwai dokar.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba gwamnati bace, yaron da za a ba kallon ne. In aka ce hoton yana zuwa wayar wani to yana zuwa wayar abokinsa, daga nan sai guruf na WhatsApp sai TikTok, kuma abin da ya shiga can ya shiga kenan, aure nawa irin wannan ya kashe.

Gyaran ba wuya gare shi ba in an yi tun kafin a kafa. Kyamara iri biyu ce, akwai mai tsayawa wuri ɗaya, akwai mai juyawa da ake sarrafa ta daga nesa tana jawo abu kusa. A cikin unguwa kada ku yarda da mai juyawa sam. Mai tsayawar a saukar da ita ƙasa da tsayin katanga ko a juya bakinta ga titi, yawancinsu ma ana iya shafe wani ɓangaren hoton ya zama baƙi ƙirin ta yadda ko mai kallon ba zai gani ba. Ki samu sauran matan unguwar da abin zai shafa ku tura dattijuwa ɗaya wajen mai unguwa da liman, kada ya zama rigimarki da maigida, a ce sharaɗin unguwa shi ne ranar kafawa mai unguwa zai kalli allon da idonsa ya tabbatar ba gidan kowa a ciki. Ɗan takara mai neman ƙuri'ar mata huɗu a gida ɗaya ba zai ƙi wannan ba, yanzu ne lokacin da yake jin magana.

TAMBAYA: Malam wai kansila ma yana da ikon sa kyamara? Namu ɗan takarar kansilan yace zai sa guda hamsin a mazaɓa.
Daga malamin firamare, ƙasar Gwarzo.

AMSA: Malam hamsin kuma? Allah ya sa ya iya gyara rufin ajinku tukunna. Kansila ɗan majalisar ƙaramar hukuma ne, ba shi da asusun da zai ba da kwangila, iyakarsa ya kai ƙorafi ya matsa wa ciyaman, sai in daga aljihunsa zai yi. Ciyaman kuwa yana da ƙafar tsayawa, don jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da fitilun titi, kaga in yace zai sa kyamara a kasuwa ko tasha bai fita huruminsa ba, kuma tun hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, uzurin ai kuɗin yana jiha ya fara rauni, ko da yake hukunci daban aiwatarwa daban. Amma ko ciyaman ba shi da ɗan sanda ko ɗaya, sashe na 214 rundunar 'yan sanda ta tarayya ya kafa, DPO ba a wajen ciyaman yake karɓar umarni ba. Ɗan majalisar jiha ko na tarayya shi ma ba ya ba da kwangila da hannunsa, sai dai ya cusa aikin a kasafin kuɗi a matsayin aikin mazaɓa wata ma'aikata ta aiwatar, irin waɗannan ayyukan ne hukumar ICPC take bin sawunsu tun 2019 saboda yadda suke ɓata a hanya. Ka tambayi naku da wane kuɗi, a gaban mutane, cikin raha.

TAMBAYA: Yallaɓai ni matashi ne ina ɓangaren adawa a garinmu. Gaskiya ni tsorona shi ne in suka ci suka sa kyamarar nan mu za a riƙa kallo, wa ya je gidan wa, wa ya halarci taron wa, a hana mu taki da tallafi. Amma kuma wani abokina yace gara ma a sa ta a rumfunan zaɓe don a ga masu sayen ƙuri'a da 'yan daba. Ya kake gani?
Daga wani ɗalibi, ƙasar Birnin Kudu.

AMSA: Ƙanena tsoronka ba na banza bane, ko da yake in faɗa maka gaskiya a ƙauye ba a buƙatar kyamara kafin a san gidan wa ka shiga, kafin ka cire takalmi labari ya kai. Bambancin shi ne gulma ana musanta ta, hoto kuwa ana ajiye shi a fito da shi ranar da ake so.

An ga irinsa a Uganda. Gwamnatin can ta kafa kyamarorin kamfanin Huawei a Kampala da sunan maganin kashe-kashe, amma bayan zanga-zangar da ta ɓarke a Nuwamban 2020 kan kama ɗan adawa Bobi Wine, da kyamarorin aka bi aka riƙa zaƙulo mutane ana kamawa. A nan gida kuma ka tuna harbin da aka yi wajen zanga-zangar EndSARS a mashigar Lekki ta Legas a daren 20 ga Oktoban 2020, kamfanin da ke kula da wurin ya gaya wa kwamitin bincike na jihar Legas cewa kyamararsa ta daina ɗauka wajen ƙarfe 8 na dare. Wato wadda ke hannun mai iko tana iya gani sosai ranar da kai ne a gabanta, ta kuma makance ranar da shi ne. Shi ya sa ni ban damu da yawan kyamarar da ɗan takara ya ambata ba kamar yadda na damu da a ɗakin wa akwatin naɗar zai zauna kuma wa ke riƙe da lambar sirrinta. In a gidan ciyaman ne ko ofishin jam'iyya ko wayar wani yaronsa, an ba kura ajiyar nama. Ku nemi a rubuta tun yanzu, kwamitin gari da ya haɗa da dagaci da liman da shugaban 'yan kasuwa da jami'in tsaro da mutum ɗaya daga kowane ɓangare, ba a buɗe hoto sai an kai rahoton laifi, duk wanda ya buɗe a rubuta sunansa da ranar a littafi, bayan ƙayyadaddun kwanaki hoton ya goge. Kuma ka tambayi naku ɗan takarar shi ma, don naga alama kai kyamarar abokan hamayya kawai kake tsoro.

Maganar abokinka kuwa a yi hattara. Wajen ƙirga ƙuri'a da tattara sakamako, ɗaukar hoto alheri ne, a bainar jama'a ake yi dama. Amma kusa da inda ake dangwalawa a'a. INEC ma ta hana shiga wurin da waya saboda masu sayen ƙuri'a suna cewa ɗauko hoto ka zo ka karɓa. Ka ɗauka tsohuwa ta zo ta ga kyamarar da ciyaman mai ci ya kafa tana kallon rumfa, ko bata ɗaukar komai ai ta gama aikinta.

TAMBAYA: Ɗana, mu nan iyaka da Katsina muke, ba ɓarawon kaza ke damunmu ba, masu bindiga ne a kan babura. Wani mai neman kujera yace kyamara zai kawo mana. Za ta yi mana magani?
Daga wani dattijo, ƙasar Shanono.

AMSA: Baba Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya tsare ku da iyalanku. Ba zan ɓoye muku ba, ita kaɗai ba za ta yi ba. Wanda ya zo da babura ashirin da bindiga a kafaɗa ba ɓoye fuskarsa yake ba, wasunsu da kansu suke ɗaukar bidiyon kansu suna sawa a waya, sanin fuskarsu bai taɓa zama matsalar ba. Ku kanku kun san ta inda suke ɓullowa, sau da yawa ma labari yana riga su isowa daga ƙauyen gaba. Abin da ake rasawa shi ne wanda zai ɗaga waya in an kira, da motar da za ta iso kafin a gama, da hanyar da motar za ta bi in ruwa ya sauka. In ba wannan to kyamara ihu bayan hari ce mai hoto.

Ga kuma wani abu, irin wadda ake kafawa a daji da layin waya take aiki, kuma kun tuna a Satumban 2021 da aka rufe sabis a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda aikin soja, ranar da aka yi irin haka ita ma ta zama kwalliya a kan ƙarfe. In mai neman kujerar da gaske yake, Baba ku ce ya fara da maganar sansanin jami'ai na dindindin kusa da ku da gyaran hanya da sabis mai ƙarfi, in ya kawo waɗannan ya ɗora kyamarar a kai ba wanda zai ƙi.

TAMBAYA: In kyamara ta ɗauki ɓarawo kotu tana karɓa?
Daga mai shagon caji, ƙasar Dambatta.

AMSA: Tana karɓa ɗan'uwa, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda da shaidar da ta fito daga na'ura, amma da sharaɗi, sai an nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin kuma wanda ke kula da ita ya sa hannu a takardar da ke bayanin yadda aka ciro hoton. Don haka ka tabbatar kwanan wata da agogon da ke jikin hoton daidai suke, da yawa in wuta ta ɗauke sai su koma wata shekara can baya, lauya kuma da wannan kaɗai zai wahalar da kai. Kada ka yanke hoton, kada ka ɗauke shi da waya daga fuskar talabijin ka ce shi kenan, kuma don Allah kada ka fara sa shi a Facebook kana cewa a nemo min wannan, an sha far wa mai kama da ɓarawo alhali ba shi bane. Sannan ka yi sauri, akwatin nan in ya cika kan tsohon hoto yake naɗa sabo, wani sati ɗaya wani biyu wani wata gwargwadon girman ma'ajiyarsa, ranar da abin ya faru ka kwafe a memori biyu, ɗaya ka kai ofis ɗaya ka ajiye a gida.